Tambayi Sista: Wadda na koya wa saka kanula ita ce ke rubuta min duti yanzu

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun wannan karon kusan duk magana ɗaya suke yi, rigimar takarda a tsakaninmu mu nas-nas, mai digiri da mai difloma da mai ƙaramin satifiket, shi ya sa na bar musu filin gaba ɗaya. Na cire sunayen mutane da na asibitoci kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam Anti Sista, dan Allah ki ba ni shawara don raina ya gama ɓaci. Shekarata 14 ina aikin jinya, makarantar nas ta shekara uku na yi, na zauna a wod ɗin maza na zauna a na yara yanzu ina ɓangaren waɗanda aka yi wa tiyata. Shekara uku da suka wuce aka kawo mana wata yarinya mai digiri, wallahi Anti ranar da ta zo ko jijiyar babban mutum ba ta iya samu, ni na riƙe hannunta na koya mata saka kanula, 'yar robar nan da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa ko magani, ni na koya mata wanke ciwo ba tare da an sa mutum ihu ba, dutin dare nawa na rufa mata asiri. Yau an wayi gari ita aka ba riƙon wod ɗin, ita ke rubuta min duti, wai tana da digiri ni ba ni da shi. Tsakani da Allah ba ta taɓa min rashin kunya ba, amma duk sanda ta ce Sista ga abin da za a yi sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Har na fara tunanin ajiye aikin. Shekaruna 14 sun tashi a banza kenan? Daga ƙanwarki.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, na ji ciwon nan har cikin raina don ni ma ta ƙofar da kika shigo na shigo, kuma an taɓa ɗora min wadda na raina da hannuna, na san yadda mutum ke komawa gida ya kasa barci. Kada kowa ya ce miki hassada ce, ba hassada ba ce, mutum ne yake son a ga wahalar da ya sha.

Shekarunki ba su tashi a banza ba, bari in nuna miki inda suke. Ina sabuwa a aiki akwai wata tsohuwar sista da muke dutin dare tare, ba ta da komai sai satifiket ɗinta na asibiti. Wajen ƙarfe biyun dare muka zo gadon wani bawan Allah da aka yi wa aiki a ciki da yamma, na auna jininsa na ga lafiya lau na rubuta zan wuce, ita kuwa ta tsaya. Ta ɗora yatsu a wuyan hannunsa ta yi shiru, ta taɓa goshinsa, ta ce min ba ki ga yana ta juye-juye ba, ba ki ji jikinsa da sanyi da danshi ba, ga shi ya roƙi ruwa sau uku. Bugun jininsa na gudu amma siriri kamar zare. Ta yaye bargon ta danna cikin a hankali ta ce je ki taso likita yanzu, kar ki yi tafiya, ki ruga. Ashe jini ne ke zuba ta ciki, kafin asuba an mayar da shi tiyata kuma ya tashi. Daga baya na fahimci dalili, jiki yakan matse jijiyoyi ya ƙara gudun zuciya don ya riƙe awon jini, sai an yi asarar jini mai yawa kafin awon ya faɗi, wanda ya tsaya jiran na'ura ya makara. Wannan idon da ta gani da shi kina da irinsa, kuma ba a bayar da shi ranar bikin yaye ɗalibai.

Masana ma sun yi rubutu a kai. Wata malamar jinya a Amurka, Patricia Benner, a farkon shekarun 1980 ta zauna da nas-nas tana sauraron yadda suke yanke hukunci a bakin gado, ta fitar da matakai 5 da mutum ke bi daga ɗan koyo har gwani. Ta ce sai nas ta yi kamar shekara 2 zuwa 3 a ɓangare ɗaya kafin ma ta kai matakin tsakiya, gwana kuwa ita ce wadda ke ganin matsala a dunƙule tun kafin ta iya faɗin abin da ta gani. Kinga ashe yarinyarki yanzu take shiga tsakiya, ke kin daɗe da wucewa.

Toh amma ƙanwata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, zan gaya miki ɗaya gefen ko da ba daɗi. Masu fifita digiri ba haka kawai suka tashi ba. A 2003 Linda Aiken da abokan aikinta sun duba asibitoci 168 a jihar Pennsylvania ta Amurka, suka ga duk asibitin da yawan nas masu digiri ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata na raguwa da kusan kashi 5. A 2014 suka sake yin irinsa a asibitoci 300 na ƙasashen Turai 9, marasa lafiya sama da 400,000, aka samu raguwar kashi 7. Irin wannan binciken ne gwamnatoci ke riƙewa. Ingila tun 2013 duk mai son zama cikakkiyar nas sai ta bi ta digiri, jihar New York kuma a 2017 ta yi dokar cewa sabuwar nas da ta shigo ba digiri sai ta samo shi cikin shekara 10 da karɓar lasisi. Kiɗan ya canza a duniya, kuma ba na jin zai koma.

Sai dai ki lura da abin da binciken ya auna, asibiti ya auna gaba ɗayansa, bai ɗauki ke da yarinyar nan ya ɗora a sikeli ya ce wance ta fi wance ba. Kuma a cikin binciken na Turai akwai wani sakamakon da masu mulkin asibiti ba su cika son ambata ba, duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take kula da su, haɗarin mutuwa na ƙaruwa da kashi 7. Wato ranar da kika ajiye aiki aka raba gadajenki wa sauran, marasa lafiyan wod ɗin ne za su biya. Hukumar lafiya ta duniya a rahotonta na 2020 ta ce nas-nas a duniya sun kai miliyan 27.9 kuma ana da giɓin miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ina za a samo mai shekara 14 a bakin gado a maye gurbinki da ita?

Ni dai ga abin da zan ce miki, ki koma makaranta. Ba don ki rama wa yarinyar nan ba, ita ba ta yi miki komai ba, tsari ne ya ɗora ta, ke da bakinki kin ce ba ta taɓa miki rashin kunya ba kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ki koma don ƙofofin da ke gabanki duk da wannan makullin ake buɗe su, riƙon wod, koyarwa, digiri na biyu, manyan kujerun da ake yanke shawara a kan aikinmu. Jami'o'i da yawa suna da tsarin da aka yi musamman don nas mai lasisi, ba daga farko za ki faro ba, wasu ma ta intanet ake yawancin darasin kina aikinki. Kafin ki biya ko sisi ki tabbatar hukumar da ke ba ku lasisi ta amince da kwas ɗin, ki kuma nemi hutun ƙaro karatu a rubuce, kar ki yarda da alkawarin baki, na ga waɗanda suka dawo da takarda aka ce ba a san da tafiyarsu ba aka ƙi gyara musu mataki. Ni na haura 40 na koma aji, ina dutin dare ina karatu, ya yi wuya ƙwarai, amma abin da na tarar shi ne rabin abin da ake koyarwa hannuna ya riga ya sani, suna da dalili kawai aka ba ni, ɗaya rabin kuma gaskiya ban sani ba kuma ya gyara min aiki. Gemu ba ya hana ilimi.

Ita kuma yarinyar, ki same ta ku biyu ba a gaban kowa ba, ki ce mata 'yata ina bayanki, in kin ga abin da ya shige miki duhu ki zo. Ina tabbatar miki a tsorace take, riƙon wod da shekara uku a aiki ba wasa ba ne, kuma ta fi kowa sanin wa ya koya mata.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni namiji ne, na gama digirin jinya wata 8 kenan da fara aiki. Tun ranar farko manyan sistocin wod suka sa min suna Farfesa, in na yi tambaya sai a ce ba kai ne mai digiri ba, duba littafinka. Rannan na ga ana murza bayan wata tsohuwa inda ya yi ja da sifirit da hoda na ce an daina wannan, wallahi kamar na zagi iyayensu, kwana uku ba mai amsa gaisuwata. Ni ban raina kowa ba, so nake in koya. Ya zan yi?

AMSA: Ƙanena sannu da haƙuri. Maganar murza baya kai ne da gaskiya, kuma ina so sistocin da ke karanta filin nan su ji da kyau. Mu haka aka koya mana, in ka ga wurin da ƙashi ya tokare ya yi ja, ƙugu ko diddige ko kafaɗa, ka murza da sifirit ka barbaɗa hoda wai jini ya zagaya. Bincike ya zo ya nuna jan nan alama ce naman da ke ƙasa ya riga ya fara jin jiki, murzawa ƙara ɓarna take yi, sifirit kuma busar da fata yake. Abin da ke hana gyambon kwanciya shi ne a ɗauke nauyi daga wurin, a riƙa juya mutum a kai a kai, a tsare fatar daga fitsari da danshi, a kula da cinsa. Shekara 20 ana yin abu ba ya mayar da shi daidai, kuma irin wannan gyaran shi ne amfanin zuwanku.

Inda ka yi kuskure shi ne wuri. Ka gyara wa mace mai shekarun mahaifiyarka aiki a gaban mara lafiya, wataƙila ma a gaban 'yan uwan mara lafiyan, me kake so ta yi? Ko ta san gaskiyarka ba za ta karɓa a nan ba. Da ka bari an fito ka ce Sista akwai abin da aka koya mana a kan wannan ina so ki duba min ko haka ne, da yanzu ita ke yaɗa shi a wod. Sai fa in abu ne da zai kashe mutum nan take, kamar ka ga za a tura sinadarin fotasiyam kai tsaye cikin jijiya ba a sirka shi a ledar ruwa ba, wannan kam ka riƙe hannun ko waye a gaban ko waye, zuciya yake tsayarwa, a yi faɗan daga baya.

Sunan Farfesa kuma ba kai aka tsana ba, ka karanta wasiƙar da ke sama za ka gane daga ina zafin ya fito. Suna kallonka suna ganin wanda za a ɗora musu gobe. Maganinsa aiki ne, ba baki ba. Kar a taɓa ganinka kana zaɓen aiki, ka ɗauki fo, ka gyara gado, ka wanke wanda ya ɓata jikinsa, don babban zargin da ake wa masu digiri shi ne sun fi son biro da fayil a kan jikin mara lafiya, kuma wasu cikinku sun ba da ƙofar zargin. Sannan ka zaɓi sista ɗaya, wadda ka ga hannunta ya fi faɗawa, ka ce mata ƙarara Sista ina so ki koya min samun jijiyar jariri, ko ki koya min saka robar fitsari ga dattijon da mafitsararsa ta toshe. Tambaya takamaimai ba a cika korarta ba, kuma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Benner ɗin da na ambata ta faɗi wani abu da ya shafe mu duka, ko gwana aka ɗauke daga ɓangarenta aka kai wanda ba ta sani ba ta koma 'yar koyo. Ni da na bar wod ɗin manya aka kai ni ɗakin jarirai bakwaini, wata yarinya da na girme wa da shekara 15 ita ta koya min lissafin ruwansu.

Ku kuma 'yan uwana manya, ku ji tsoron Allah. Yaron da kika hana amsa yau, gobe shi kaɗai ne a dutin dare da gado 30, abin da kika ɓoye masa a jikin ɗan wani zai fito. In abin ya wuce zolaya ya koma wulaƙanci, ko ana barinka da aikin da ba ka iya ba da gangan, ƙanena ka rubuta rana da abin da ya faru ka kai wa metiron, wato shugabar nas-nas ta asibitin.

TAMBAYA: Anti ni ƙaramin kwas na yi, ina aiki ƙarƙashin nas masu rajista, ni ke wanka da juyi da awon zafi da ciyarwa. Wata ta ce min in daina kiran kaina nas. Ya yi min ciwo sosai.

AMSA: 'Yata, abu biyu ne a nan kar ki haɗa su. Suna maganar doka ce, a ƙasashe da yawa akwai sunayen da sai mai rajista da hukuma ke amfani da su, don mara lafiya ya san wa ke gabansa da iyakar abin da aka yarda ya yi. Ki duba abin da takardarki da lasisinki suka kira ki, ki tsaya a kansa, kuma kar ki yarda a tura ki yin abin da ya wuce huruminki don an rasa hannu, ranar da aka samu matsala ke za a bari da ita.

Daraja kuwa wata magana ce daban, kuma wadda ta faɗa miki cikin izgili ba ta kyauta ba. Matakinki ba baƙon abu ba ne a duniya, a Amurka akwai masu kwas na kamar shekara ɗaya da jarabawarsu da lasisinsu, Ingila ta taɓa soke irin wannan matakin sannan a 2019 ta buɗe rajistar wani sabo mai kama da shi don ta ga aikin ba ya tafiya ba tare da su ba. Mai wanka ita ke fara ganin jan fata, mai ciyarwa ita ke fara lura mutum ya soma ƙwarewa in ya haɗiya. Abu ɗaya nake roƙonki, in za ki ƙirga numfashi ki ƙirga na minti ɗaya cur da agogo, kar ki rubuta 20 don kowa 20 yake rubutawa. Babban mutum yana numfashi 12 zuwa 20 a minti, kuma sau da yawa numfashi ne ke fara canzawa kafin komai in jiki zai rikice. Ranar da kika zo kika ce Sista gado na shida yana 28 ɗazu kuma 18 ne, ba mai sake tambayarki wace takarda gare ki. In da hali ki ci gaba da karatu, shekarunki na bakin gado za su ɗauke ki.

TAMBAYA: Sista ni uba ne, 'yata na son aikin jinya. Wasu sun ce ta tafi jami'a, wasu sun ce makarantar nas ta fi koyar da aiki. Wanne ya fi?

AMSA: Baba Allah ya saka da alheri da ka tsaya mata. In ta samu gurbin digiri kuma za ka iya ɗaukar nauyin shekarun, ta tafi digiri, don nan aikin ya dosa kuma ba sai ta dawo aji da goyo a baya ba. Tsawonsa ya danganta da ƙasa, a Ingila shekara 3 ne, a Amurka 4, a Najeriya 5, inda Jami'ar Ibadan ta fara buɗe sashen tun 1965. In ba ta samu ba kar ta zauna a gida tana jira shekara da shekaru, ta shiga makarantar nas da hukuma ta amince da ita, ta samu lasisi, ta fara aiki, ta ɗora digirin a kai. A Amurka ma mai kwas ɗin shekara 2 da mai na 4 jarabawar lasisi ɗaya suke zaunawa, bambancin daga baya yake fitowa wajen ƙarin girma.

Masu cewa makarantar nas ta fi koyar da hannu suna da hujjarsu, asalin aikin a asibiti aka rene shi, tun makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a asibitin St Thomas na Landan a 1860 ɗalibai a wod suke wuni. A can Kofoworola Abeni Pratt ta yi karatu, ta dawo ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta riƙe muƙamin metiron a asibitin koyarwa na Ibadan a 1964. Don haka duk makarantar da za ka kai ta, ka tambaya a wane asibiti ɗalibai ke koyon aiki, gado nawa ne a cikinsa, kuma wata nawa suke yi a wod kowace shekara.

Sannan ka gaya mata aikin yana da rassa, ba rabon magani kaɗai ba ne. Bayan lasisi akwai ungozoma, akwai sa barci a tiyata, akwai jinyar yara da ta ido da ta masu taɓin hankali, akwai sashen gaggawa da na wankin ƙoda, akwai lafiyar al'umma da koyarwa. A wasu ƙasashen nas mai digiri na biyu tana duba mara lafiya ta rubuta magani da kanta, tsarin da Loretta Ford da likita Henry Silver suka faro a Jami'ar Colorado a 1965. Amma kafin ta zaɓi reshe ta yi aƙalla shekara biyu a wod na gama-gari, ta yi dutin dare, ta ga abin da zuciyarta ke iya ɗauka. Kuma tun kafin a sayi fom, in akwai nas a dangi ko maƙwabta, a nema mata izini ta bi ta asibiti ko na kwana biyu ne ta gani da idonta.